An Rufe Kafin a Buɗe

Ɗaya saura kwata a birnin Łódź.
Taragon ƙarshe ya wuce yana kuka a kan ƙarfe,
Bogumiła ba ta tashi ba.
Shayinta ya huce tun ɗazu.

A gabanta littafin Leokadia Wrzos,
shekara arba'in a masaƙar auduga.
Da baki ta faɗa, jikanta ya buga,
kowace magana tsakanin sanduna tsayayyu,
" nan, " can,
ba ka gane mai shigowa da mai fita.

Aikin manhajar bai taka kara ya karya ba:
ta waiwaya.
In fili ta gani, to farkon zance ne,
ta lanƙwasa alamar ta sauke ta ƙasa, „ haka,
yadda mutanen garin suka saba.
In harafi ne, ta ɗaga ta sama, ” ta rufe.

Shafi tamanin lafiya lau.
A na tamanin da ɗaya
jikan ya bar fili, amma fili mai ɓad-da-kama:
&nbsp;
alamomi shida masu nufin ba kowa a nan.
Manhaja ta waiwaya, ta ga wutsiyar waƙafi,
ta ce ai an gama.
Ta rufe bakin Leokadia
tun ba ta buɗe shi ba.

Kuma a ina?
Ranar da inji ya ci yatsu biyu na ƙawarta,
ta tsaya gaban mai kula da sashe
da ƙurar auduga a gira.

Bogumiła ta cire tabarau, ta murza ido.
Ta rubuta wa manhajar layi tara:
kada ki yanke hukunci a kan sutura,
ki fara tambayar kowa sunansa na yanka.
&quot; ma magana ce, kunya take ji.
Abin da ke tsakanin < da > ba gonarki ba ce.
Inda aka ce faɗin yadi 36"
ki bar shi tsaye,
inci ne, ba wanda ya ce uffan.

Ta sake ta.
Shafi na tamanin da ɗaya ya dawo,
alamar ta sauko ƙasa kamar tafin hannu
da aka tara a bakin famfo.

„Ba za mu koma ba,
sai an kashe injin nan.”

Ta karanta sau biyu.
Ta zubar da shayin, ta ɗora wani ruwa.
Saura shafi ɗari da goma.