Kabejin Jiratawa

Kiran farko ne ke tashe ni,
zakara ma ya dunƙule, ya bar wa ladan aikin.
Ruwan buta ya kwana waje,
yana cizo kamar ya yi haƙora cikin dare.
In na sallame sai in zauna bakin gado,
ni da tulin tufafi, muna kallon juna.

Ta farko ƴar shara ce mai ramuka,
ta manne jiki, ta san sirrina.
Ta biyu rigar sanyi ta bosho,
jaka guda da rabi a Kadro,
da sunan wasu ƴan ƙwallo a baya
waɗanda ban san garinsu ba.
Kafin ta uku
sai in shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙirji.
Barmo ne ya koya mini,
Allah ya kai haske kabarinsa.
Ya ce: iska ba ta yi lakwal ba,
amma in ta ga takarda, tsayawa take.

Safa biyu a ƙafa, ja da ruwan toka,
ba ƴan uwa ba ne, zama ya haɗa su.
Wasu biyu a hannu,
na huda musu ƙofar yatsu
don birki ba ya jin maganar hannun da ya mutu.
Ƙafar wando ta dama na ɗaure da roba
tun ranar da sarƙa ta cinye mini wandon salla.

Tsahara na riƙe da cocila, tana dariya:
wanne ne kabejin, kai ko na cikin buhu?
Ta lakuto man kaɗe ta shafa mini a leɓe,
ta ja hular da ta saƙa har ta rufe kunne,
sauran maganarta ban ji ba.

Akwai babban kwat a rataye bayan ƙofa.
Shekara uku ban taɓa shi ba.
Na sa shi wata asuba, na fita ina taƙama,
kafin rabin hanya na jiƙe sharkaf.
Taya ta sace, na tsaya faci,
gumin nan ya juya mini baya, ya koma ƙanƙara.
Sati uku haƙarƙari na karɓar bashinsa.
Tun ran nan nake fita da ɗan sauran ɗari a jika,
in bar wa ƙafafu su hura wutarsu.

Gangaren gulbi, nan sanyi ke kwana.
Ido na hawaye ba a yi mutuwa ba,
hanci na zuba, ba hannun sharewa,
buhu biyu na rinjayar keke hagu da dama,
takarda na ƙara a ƙirji, kaf, kaf,
tana gardama da iska a madadina.

Da gabas ta yi ja sai in fara ɓare kaina.
Hula ta shiga aljihu.
Safar hannu, da haƙori nake cire ta.
A bakin gari in buɗe maɓalli biyu,
tururi na tashi daga wuyana kamar tukunyar koko.
Takarda kuwa, ta yi laushi, ta sha gumi,
Illa mai shayi ke karɓa ya shanya,
gobe ya tada wuta da ita.

Na isa Maradi siriri, rabin wanda ya fito.

Wata hajiya ta ɗauki kabeji tana juyawa,
tana fige ganyen waje tana yarwa:
wannan ya yaushe, rage mini dala goma.
Na rage.
Amma na duƙa na tsince ganyen.
Hajiya, shi ya kwana waje,
shi ya sa na cikin ya zo miki da kyau.

Da azahar na ɗaure buhu a bayan keke,
babu kabeji ciki, sai riguna uku da hula,
rana na dukan ƙeya,
ni da ƴar shara muka kama hanyar gida.