Makullin Ɗakin Ƙasa

Ni ne mai makulli.
Shekara talatin da ɗaya ina goge daɓen jami'ar nan
a Duluth, bakin tafkin da ba a hango ƙarshensa,
inda ƙanƙara ke riga ka rufe ƙofa.

Su huɗu suka fara zuwa:
Lorna Haugen, mai karatun haɗa magunguna,
wani zanƙalelen yaro, Tobias, ƙafafunsa duk na hagu,
da tagwayen da har yau ban san wane ne wane ba.
"Baba Wendell, ɗakin ƙasa muke so, daren Laraba kawai."
Na ce bututun ɗumama ɗakin tari yake kamar tsohon mashayin taba.
Suka ce ya yi musu.

Kaset ɗin bidiyo ɗaya tal suke da shi.
Su kalla, su gwada, su faɗi, su mayar baya,
har zaren ya tsinke.

Ran nan Odessa Pruitt ta sauko neman bokiti,
mai dafa dankalin ɗalibai, shekara saba'in ba biyu.
Ta yi dariya har da dafa bango.
"Rawar suwing ce wannan, ko kyankyasai kuke kashewa?"
Ta kwance ƙyallen girki ta rataya a ƙusa.
"A Kansas City na koye ta,
a zauren da baƙar fata ke shiga ta ƙofar gaba.
Gadon gidanmu ce, ku riƙe ta da ladabi.
Sassauta gwiwa, ƙasa ba ta gaba da kai.
Kai kuma dogo, hannun yarinya ba guga ba ne,
ƙwai ne. Sake ta ta je,
in kiɗan ya so za ta dawo."

Huɗu suka zama sha biyu.
Wata shekara suka koma uku, na ce ta mutu,
amma na bar fitila a kunne.
Sai kaka ta kawo arba'in,
suna liƙa fata a ƙasan takalmi don ya yi santsi,
'yan ƙaho suka sauko daga sashen kiɗa ba gayyata,
wata ta tashi sama ta fasa mini ƙwan lantarki.
Ban kai ƙara ba.

Da suka kai ɗari biyu aka ba su zauren sama,
mai madubi da daɓen katako,
da kofi biyu a akwatin gilashi
waɗanda ni ke share musu ƙura.

Ranar da aka binne Odessa
sun yi rawa a harabar coci, kan ƙanƙara, da baƙaƙen kaya.
Ba kiɗa. Tafi kawai, da hucin baki.

Makon jiya wata yarinya ta tare ni a matakala:
fuskar Lorna, ƙafafun Tobias, duk na hagu.
Ta ce an ce mata a nan ƙasa aka soma.

Yanzu da kati ake buɗe ƙofofi,
makullin nan ba ya buɗe komai.
Watan Mayu zan ajiye aiki.
Amma daren Laraba, in kowa ya watse,
nakan sassauta gwiwa, in riƙe sandar goge-goge kamar ƙwai,
in ƙirga a hankali:
biyar, shida, bakwai, takwas.