Wa Ya Aiko Ka?

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Ƙofar Ƙwaya,
a saman shagon mai ɗinkin buhuna.
Riɗi muke saye, riɗi muke turawa.
Ni Zulaihatu, aikina tsaron akwatin saƙo
da lallashin kwamfuta mai tari in an kawo wuta.

Alhaji Barmo ya ce: duk imel ɗin da ya shigo,
ki sa ya zarce wurin Lawandi,
akawunmu da ya koma Funtuwa jinyar mahaifinsa.
Na ɗaura zaren, na ce an gama.

Kwana tara shiru.
Mai saye daga Ikko ya turo farashi sau uku,
Lawandi bai ga ko ɗaya ba.
Tirela biyu na tsaye, direbobi na cin bashin mai shayi.
Alhaji na duban silin, ba ya dubana,
abin da ya fi zagi ciwo.

Daren Laraba na zauna, janareto na gurnani,
na buɗe saƙon da ya dawo, na bi shi har ƙasa,
can inda ba mai karantawa.
Ashe a ƙofar Lawandi akwai mai gadi,
ba ya gyangyaɗi, ba ya karɓar goro.
Tambayarsa ɗaya ce: wa ya aiko ka?

Saƙo ya ce: daga Ikko nake.
Mai gadi ya buɗe littafin mutanen Ikko
inda suka jera sunayen 'yan aikensu.
Babu uwar garkenmu a ciki.
Me zai sa ta shiga? Ba su ɗauke ta aiki ba.
Ya ce: sunan wani, ƙafar wani. Koma.

Saura hatimi.
Mai saye ya buga nasa a jikin wasiƙa,
da shi kaɗai ma da an buɗe ƙofa.
Nan na ci karo da abin kunyata:
ni na sa a liƙa wa kowane saƙo wutsiya,
"Barmo da 'Ya'yansa, riɗi tsantsa, ba tsakuwa,"
har da lambar waya biyu.
Layi ɗaya na ƙara, hatimi ya tsage.
Garin neman gira na rasa ido.

Ban ga laifin mai gadi ba.
Bara wani ya rubuto da sunan Alhaji
wai a sauya asusun banki,
saura ƙiris kuɗin buhu ɗari huɗu su bi ruwa.
Tun ranar nake ganin girman ƙofa mai tambaya.

Abu biyu na gyara kafin kiran farko.
Na yanke wutsiyar,
wasiƙa ta tafi yadda mai ita ya rubuta,
ko ɗigo ban taɓa ba.
Ambulan kuwa na sa a sake shi a hannunmu:
a bayansa sunanmu, mu muka miƙo,
in za ta dawo ta dawo mana;
a ciki sunan mai ita, hatiminsa lafiya lau.
Haka na ga dillalin kirki yana yi a kasuwar Charanci.
Ba ya cewa shi ya noma,
ba ya kwance bakin buhu ya zuba nasa.

Na tashi ƙanwata a Zariya, na ce turo gwaji.
Ta rubuto: "Yaya, kin ci abinci kuwa?"
Biyar da kwata waya ta yi ƙara.
Lawandi ne, murya duk barci:
"Wace ce wannan ke tambayar cikina da asuba?"

Da hantsi tireloli suka ɗaga.
Alhaji ya karanta farashi, ya ce "To."
Ya kai bakin matakala ya juyo:
"Ina tallar nan tawa ta ƙasan wasiƙa?"
Na ce, "Tana jikin buhu, Alhaji.
Na ba mai ɗinki ya buga ta da jan fenti."