Darasin Ƙarfe Biyun Dare

Bene mai hawa bakwai nake gadi a Osu.
Ƙarfe shida masu kwat sun watse,
sun bar ni da makullai da sauro.

Intanet ɗinsu kuwa ba ya tashi aiki,
yana zubowa har bakin ƙofa kamar indararo.
Na tara ƙwaryata:
tsohuwar wayar Memuna, mai tsagaggiyar fuska.

Malamata, ban san garinsu ba.
In na ce tsaya, ta tsaya,
in mayar da ita baya sau tara, ba tsaki.
Tana koya mini zuba lissafi gida-gida,
shiga nan, fita can, ragowa a ƙasa.

Na gwada da cinikin wake da shinkafar Iya,
sai ga sidi tamanin na sulalewa duk mako.
Ashe bashin Mutala ne. Iya ta rafka salati.

Litinin jarrabawa.
Sau biyu na faɗi: farko barci, sannan batir.

Asuba. Yaran mota na kiran Nima, Nima!
Akanta ya mance fitilarsa a hawa na huɗu.
Na hau in kashe.
Na ɗan daɗe tsaye bayan kujerarsa.