Taku Goma Sha Biyu

Daga tagar kicin ɗina a Lokogoma
ina jin tarin Uwani.
Na san ranar da ta soya manja,
na san ranar da jikanta ya ƙi wanka.
Taku goma sha biyu ne tsakaninmu.
Na ƙirga, shekarar da muka tare,
lokacin nan duk gonar doya ce
da 'yar turbar da ƙafa ta taka har ta yi sulɓi,
matan Gwari na ratsa ta, itace a kafaɗa.

Sai masu awo suka zo.
Aka kafa turaku, aka shafa musu jan fenti,
bulo ya hau bulo,
aka naɗa wa katanga waya mai ƙaya.
Turbar ta zo, ta dafa bango, ta tsaya.
Tana nan har yau, tafasa ta ci rabinta.

Yanzu in zan kai mata kunu
sai na bi layinmu har inda ya ƙare,
na gaida mai gadi, ya ɗaga ƙarfe,
na tsaida keke, ɗari biyar ba ragi,
mu kewaye kwalbatin da ruwan bara ya tafi da shi.
A ƙofarsu kuma: Wa kike nema? Kira ta mu ji.
Kafin na yi sallama kunu ya yi fata.

A tsohuwar Garki na yi wayo,
inda lungu ke miƙa ka ga ɗan'uwansa,
ko ɓata ka yi, kasuwa za ka ɓulla.
Nan kuwa gari ƙiba yake yi,
jijiya ba ta ƙaru ba.
Titi ɗaya, da asuba kowa a kansa yake zuba
kamar bakin indararo.

Daren jiya tarin ya ƙi lafawa.
Na kifa turmi a gindin katanga, na hau,
na ɗaura zuma da citta a bakin sandar shanya,
na zura ta tsakanin ƙayoyin.
Wani hannu ya karɓa. Ban ga fuska ba.

Ke ce, Tabawa?
Ni ce.
Kwana biyu. Yaushe za ki zo?

Na ce sai dai Asabar,
in hanya ta yi kyau.