Gidaje Goma Sha Ɗaya

A Bedford, a ɗaki mai lamba tara,
tsoho Donato ba ya runtsawa sai asuba.
Ni ce mai aikin dare. In na kawo magani
sai ya ture kofin da bayan hannu,
ya jawo takardar goge baki, ya ce, "Uwani, zauna,
ba ki ga garinmu ba tukuna."

Gidaje goma sha ɗaya ne garin nasu,
sun manne a jikin dutse kamar ginin zanzaro.
Ya zana majami'a, ƙararrawarta ta tsage tun yana yaro.
Ya zana hanyar jaki, lanƙwasa bakwai
kafin ta sauka kwari, inda itatuwan zaitun
suka sunkuya kamar tsofaffi na neman allura.
Ga marmaro, nan mata ke wanki, sanyinsa har haƙori.
Ga gonar inabin kawunsa, ba ta fi tabarma uku ba,
amma shekara ashirin ana shari'a a kanta.

Rabin rayuwarsa jan bulo ya gasa a ƙasar nan.
Wai gidajen titinmu duk ta tafinsa suka bi;
ya buɗe mini tafin, ya yi kanta kamar ƙirgi.
Nasu gidan kuwa, can sama, rufi ya rufta,
ɓaure ya tsiro a ɗakin da aka yanke masa cibi.
Mutum huɗu suka rage, in ji wasiƙar bara,
ɗaya a ciki ma ba ya gane kowa.

Ban ba shi labarin namu ba,
tsamiyar bakin rijiya, rumbu biyu,
da hanyar da ruwa ke cinyewa duk damina.
Na dai ɗora yatsa inda bai zana komai ba,
na ce, "Nan fa?"
Ya ce, "Nan ake tsayawa a huta."

Ran Talata aka cire sunansa daga ƙofa.
'Yarsa ta kwashe rediyo da hula da hotuna.
Takardun suna aljihuna, guda goma sha shida.
A kowace, hanyar jaki sai ƙara tsawo take,
gidajen kuwa ko ɗaya bai ragu ba.

In motar safe ta makara, nakan buɗe ɗaya a tasha.
Yayyafi ya ɗiga a kan kwarin,
tawada ta malala,
marmaro ya cika.