Jak Ɗan Aike Ne

Asabar a Coventry, ruwa ya ɗauke da hantsi.
Motar na kwance a ƙofar gida, ja wur,
ciki a ƙasa kamar ƙadangare mai shan rana.
Shekara huɗu ina aikin dare a asibiti kafin na saye ta,
ita ma ta fara tsufa a hannun wani.

Na jawo jak. Baba ya ce, "Dakata, Lantana."
Wata biyu da zuwansa, sanyi ya tsare shi a ɗaki,
yau ga shi da silifa da rigar sanyi biyu.
Ya tsiyaya ruwan buta a kan siminti,
ruwan ya kama hanyar titi.
"Ƙasar nan karkatacciya ce. Shiga gareji."

A gareji ruwan ya tsaya cak.
Jak ya ƙi shiga, motar ta cika ƙasƙanci,
sai na hau da ita kan katako biyu
da muka aro wajen Mista Pritchard, maƙwabci.
Birkin hannu. Giya ta ɗaya.
Waigi gaba da bayan tayar da za ta zauna.
"Sassauta noti tun tana ƙasa."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ya lalubi haƙarƙarinta da yatsa
har ya sami gurbin da maƙeranta suka tanada.
Ya sa guntun roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe.
Na danna, na danna, ta miƙe a hankali
kamar raƙumin da aka tasa bai so ba.

Na zura kai zan leƙa.
Hannunsa ya cafke wuyan rigata.
Tun ina 'yar shekara shida rabon da ya riƙe ni haka.

"Jak ɗan aike ne, ba mai gadi ba.
Kawo ƙafafun ƙarfen nan."
Muka kafa su, muka sauke nauyin a kansu.
Ya ce in girgiza ta. Na taɓa.
"Girgiza ta kamar ta ci miki bashi!"
Ba ta motsa ba.
Tayar da na cire, ya tura ƙarƙashinta da ƙafa.

Sannan, yana kallon bango, ya ce,
"A Panteka muna da wani Ɗan'azumi.
Fijo ce, jak a kan yashi.
Shayi na je saye, kofi biyu."
Bai ƙarasa ba. Ban tambaya ba.

Na kwanta a kan kwali, na shige da sifana.
Baƙin mai ya ɗigo mini a goshi.
Daga nan ƙasa duniya siririya ce:
haske kaɗan, ganye jiƙaƙƙe, tayar keken yaron maƙwabta,
da silifan Baba, dab da ni.
Na yi minti arba'in a ciki.
Silifan ba su gusa ba.